Idan Na'ura Ta Ƙi Amsa Sallama: Darasi Kan Gyaran Ƙofar Jere ta Kwaikwayo a Aikin Fili

1.0 Gabatarwa

A hunturun da ya wuce na yi kwana goma sha biyu a ƙaramar hukumar Roumbou, cikin gundumar Dakoro ta jihar Maraɗi, ina tattara bayanan kundina na digiri na biyu a kan karin harshe. Daga cikin kwanakin nan, yini ɗaya da rabi bai tafi wajen sauraren kowa ba. Ya tafi ne wajen rarrashin wata ƴar na'urar GPS, wadda girmanta bai wuce akwatin ashana biyu ba, da ta ƙi yi wa kwamfutata magana. Na riga na biya ɗan kabu-kabu kuɗin mako guda, dattawan garuruwa uku sun ba ni rana, ga kuma batir yana ta raguwa a wurin da ba a samun caji sai a farantin sola.

Daga baya na gane cewa matsalar ba ta kai wahalar da na sha ba. Abin da ya cinye mini lokaci shi ne rashin tsari: ina taɓa nan, ina taɓa can, ina sauya abu uku a lokaci guda. Manufar wannan darasi ita ce nuna wa ƴan'uwana ɗalibai yadda ake bin sawun irin wannan matsala daki-daki, da dabarar da muka riga muka koya a ajin tsarin sauti, wato a sauya abu ɗaya tak, a bar sauran yadda suke, sannan a saurara.

2.0 Me Ya Haɗa Mai Nazarin Harshe da Wannan Aiki?

Tun a ƙarshen shekarun 1920 masanin nan Bajamushe, August Klingenheben, ya bayyana yadda baƙaƙen ƙarshen gaɓa suke raunana a Hausa. Saboda haka ne Bakano yake cewa *zauna*, *sauro* da *aure*, inda mai Hausar yamma yake riƙe da *zamna*, *sabro* da *amre* ko *arme*. Haka nan ana jin *hwara* a gurbin *fara*, da *shina* a gurbin *yana*. Bernard Caron ya yi cikakken bayanin Hausar Adar a littafinsa na 1991. Tambayar kundina ita ce yadda waɗannan siffofi suka rarrabu a gundumar Dakoro, inda kwarin Tarka ya ratsa, inda kuma manoma Hausawa suke cuɗanya da makiyaya masu Fillanci da Tamajak.

Irin wannan tambaya ba ta amsuwa sai da taswira, taswira kuwa ba ta zanuwa da sunan gari kaɗai. A karkararmu ana iya samun Garin-wane biyu ko uku masu suna ɗaya, ga tungaye da rugage da zanguna waɗanda babu su a kowace taswira, wasu ma suna tashi da sauyin yanayi. Dole kowace murya da aka naɗa ta zo da lambobin wurin da aka naɗe ta.

Wani zai ce wayar salula ma tana ba da lambobin nan, kuma gaskiya ne. Ni ma na riƙe ta a matsayin shaida ta biyu. Amma na'urar da ke haɗe da kwamfuta tana rubuta wuri da lokaci kai tsaye, a gefen fayilolin murya. Ban da haka, ba GPS kaɗai ke bi ta wannan hanya ba. Akwatunan maɓallai da ake gwajin fahimtar sauti da su, da allunan Arduino da ake harhaɗa ƙananan na'urorin awo da su, da yawansu ta irin wannan ƙofa suke magana. Wanda ya iya gyaran ɗaya ya iya na sauran.

3.0 Mece Ce Ƙofar Jere ta Kwaikwayo?

Kwamfuta ba ta san harafi ba, sai *bit*, wato sifili ko ɗaya. Ƙofar jere ita ce mashigar da bit-bit suke wucewa ɗaya bayan ɗaya a kan waya guda, kamar yadda sautuka suke fitowa daga baki a jere, wani na bin wani. Ƙa'idarta da ta fi shahara ita ce RS-232, wadda aka tsara a Amurka a farkon shekarun 1960. Tsofaffin kwamfutoci suna da ita a bayansu, mai haƙora tara. Windows tana kiran ta COM1 ko COM2.

A shekarar 1996 aka fito da USB, wadda tsarinta ya sha bamban: tana aika bayanai ne ƙunshi-ƙunshi, kuma kwamfuta ce ke tambaya kafin na'ura ta amsa. Sannu a hankali tsohuwar ƙofar ta ɓace daga jikin kwamfutoci, amma na'urori da manhajoji masu yawa suka ci gaba da magana da tsohon harshe. Sai aka samar da tafinta. A cikin na'urar, ko a cikin wayarta, ana sa wata ƙwayar lantarki da za mu kira *ƙwayar gada*, mai juya maganar jere zuwa ƙunshin USB. A cikin kwamfuta kuma akwai wata ƙaramar manhaja, wadda masu gyara ke kira *direba*, mai kwance ƙunshin ta mayar da shi jere, sannan ta buɗe wata ƙofa da babu ita a zahiri, ta raɗa mata suna COM4, ko /dev/ttyUSB0 idan a Linux ne. Wannan ita ce ƙofar jere ta kwaikwayo. Manhajar taswira tana ƙwanƙwasa ta kamar ta gaske, ba ta san da wani tafinta a tsakani ba.

Ke nan saƙo yana bi ta hannu shida kafin ya iso: na'ura, ƙwayar gada, waya, direba, ƙofa, manhaja. Ko wanne ya saki, abin da manhajar taswira za ta ce ɗaya ne, wato ba ta ga na'ura ba. A nan wahalar take: alama ɗaya, dalilai da yawa.

A maƙalarsa ta 1960, Roman Jakobson ya lissafa rukunai shida na sadarwa, daga ciki har da hanyar da ta haɗa mai magana da mai sauraro, da kuma harshen da suka yi tarayya a kai. Ya nuna cewa akwai maganar da ba ta da wani aiki sai tabbatar da cewa hanya a buɗe take, irin su sallama da "kana ji na?" a waya. Bahaushe ba ya fara isar da saƙo a ƙofar gida sai an amsa masa sallama. Gyaran ƙofar jere ma haka yake: a tabbatar da hanya tukuna, sannan a waiwayi harshe, sannan ma'ana.

4.0 Matakan Bin Sawu

Mun san yadda ake tabbatar da ƙwayar sauti ta zubin kamantau. Idan aka jera *kafa* da *ƙafa*, sauti ɗaya ne ya sauya, don haka shi ne ya kawo bambancin ma'ana. Da za a jera *kafa* da *ƙusa*, ba abin da za a iya yanke hukunci a kai. Wannan ita ce ƙa'idar dukan matakan da ke tafe, tare da sharuɗɗa biyu: a fara daga ƙasa a hau sama, kuma a rubuta kowane sauyi a littafin fili kafin a yi na gaba.

4.1 Waya da Wuta

Tambayar farko: kwamfuta ta san an sa mata wani abu? A Windows a buɗe Device Manager, wanda a kwamfutoci masu Faransanci ake kira Gestionnaire de périphériques, a zuba masa ido, a zare na'urar a sake sawa. Idan jerin ya motsa, an amsa sallama. A Linux a rubuta `lsusb` kafin sawa da bayan sawa, ko a duba layukan ƙarshe na `dmesg`.

Idan babu abin da ya motsa, kada a taɓa kowace manhaja, domin matsalar ba ta kai can ba. Wayar USB ta yau da kullum tana da silli huɗu a ciki: biyu na wuta mai ƙarfin bolt 5, biyu na bayanai. Akwai wayoyin caji masu arha da ba su da sillin bayanai sam, kuma a ido ba a bambanta su. Nan na fara faɗawa. Na mance wayar na'urar a ɗakina, na sayi mai kama da ita a wata rumfar caji a kan hanya. Fitilar na'urar ta kama, sai na ɗauka komai lafiya, alhali fitila shaidar wuta ce kawai. Da na ɗauko wayar rakodata, wadda na tabbata tana kwashe fayiloli, na sa a rami ɗaya da na'ura ɗaya, nan take kwamfuta ta yi ƙarar amsawa.

Bayan waya, a gwada wani ramin. A hura ƙurar hunturu daga ciki. A cire duk wani abin rarraba ramuka, domin ramin USB 2.0 miliamfiya 500 kaɗai yake bayarwa, idan an raba shi ba lalle ya ishi kowa ba. Idan Windows ta nuna kuskure mai lamba 43, ko ta ce ba ta gane na'urar ba, galibi a wannan mataki matsalar take.

4.2 Direba

Idan jerin ya motsa amma ba a ga sabon suna a ƙarƙashin rukunin ƙofofin COM ba, ko aka ga alamar motsin rai mai ruwan ɗorawa, to an amsa sallama amma babu tafinta. Lamba 28 tana nufin ba a sa direba ba. Lamba 10 tana nufin akwai direba amma ya kasa tayar da na'urar, abin da kan faru idan ƙwayar gadar tsohon yayi ce da sabon direba ya daina karɓa, ko kuwa jabu ce.

Kada a nemi direba da sunan da aka rubuta a kwalin na'ura, a neme shi da sunan ƙwayar gada. Kowace na'urar USB tana gabatar da kanta da lambobi biyu, ta kamfani da ta samfuri, waɗanda ake gani a bayanan na'urar a Device Manager ko a sakamakon `lsusb`. Huɗu ne aka fi cin karo da su:

- 067B:2303, ƙwayar PL2303 ta kamfanin Prolific;
- 0403:6001, ƙwayar FT232 ta kamfanin FTDI;
- 10C4:EA60, ƙwayar CP2102 da danginta, ta Silicon Labs;
- 1A86:7523, ƙwayar CH340 ta kamfanin WCH.

Linux tana zuwa da direbobin dukan huɗun a cikinta. Akwai kuma na'urorin da ba su da ƙwayar gada dabam, suna bin wata ƙa'ida ta bai-ɗaya mai suna CDC-ACM. Su a Linux suna bayyana da sunan /dev/ttyACM0, kuma Windows 10 da na bayanta suna karɓar su ba tare da an sa komai ba.

4.3 Lambar Ƙofa da Mai Riƙe da Ita

Yanzu ƙofa ta bayyana. Saura a tabbatar ita manhaja take ƙwanƙwasawa. Wasu ƙwayoyin gada ba su da lambar shaida ta kansu, saboda haka Windows tana gane su ne da ramin da aka sa su. A jami'a na saba sa na'urar a ramin hagu, inda take COM4. A Roumbou, cikin gwaje-gwajen waya, na mayar da ita ramin dama, ta koma COM7, manhajar taswira kuwa tana can tana sallama a COM4, gidan da ba kowa. Maganin shi ne a karanta lambar a Device Manager a duk lokacin da aka sa na'ura, ko a tsayar da rami ɗaya a yi masa alama. Wasu tsofaffin manhajoji ba sa ganin lambar da ta wuce COM9, wasu ma COM4. Idan haka ne, ana iya sauya lambar a saitin ƙofar.

Abu na biyu: a Windows manhaja ɗaya ce ke iya riƙe ƙofa a lokaci guda. Idan aka ga saƙon an hana shiga, a rufe duk wata manhaja da ka iya riƙe ta. A Linux irin su Ubuntu da Debian, hana shiga yakan nuna cewa mai amfani ba ya cikin rukunin `dialout`. A sa shi, ya fita ya sake shiga. Haka kuma wasu manhajojin da ke aiki a ɓoye, kamar gpsd, ModemManager da brltty, suna iya riga ka kama ƙofar.

Akwai wani sanannen al'amari da zai burge mai nazarin harshe. Tun da daɗewa an san Windows takan ji kwararar bayanan GPS a lokacin da take tashi, ta ɗauka tsohon linzamin kwamfuta ne, sai kibiya ta riƙa tsalle a fuskar allo. Daidai yake da mutumin da ya ji baƙon harshe, kunnensa ya yanka masa shi zuwa kalmomin harshensa. Ana kauce masa ta hanyar sa na'urar bayan kwamfuta ta gama tashi, ko a dakatar da wannan linzamin ƙarya a Device Manager.

4.4 Gudun Magana

Daga nan a ajiye manhajar taswira, a buɗe manhajar da ke nuna ɗanyen abin da ke shigowa, irin su PuTTY ko Tera Term, ko `screen` a Linux. Gani ya kori ji.

A hanyar jere babu agogon da ya haɗa ɓangarorin biyu. Sai dai su yi yarjejeniya tun farko kan gudun da za a yi, wanda ake aunawa da *bod*, sunan da aka ciro daga na Bafaranshen nan mai ƙirƙirar na'urar tangarahu, Émile Baudot. Kowane harafi yana zuwa da bit ɗaya na buɗewa, takwas na bayani, da ɗaya na rufewa, tsarin da ake taƙaitawa da 8N1. Bit goma ke nan ga harafi, don haka a gudun 4800 haruffa 480 ke wucewa a daƙiƙa. Idan mai aikawa yana 4800, mai karɓa yana 9600, zai ji kowane bit sau biyu, iyakokin haruffa su faɗa inda ba nan ba. Matsalar yanka gaɓa ce tsantsa: sautin ya iso, an yanka shi a gurbin da bai dace ba.

Saboda haka tarkacen alamomi a allo albishir ne, domin suna nuna matakai ukun farko sun yi daidai. A gwada gudun da aka saba da su ɗaya bayan ɗaya: 4800, 9600, 19200, 38400, 57600, 115200. Tsohuwar ƙa'idar GPS 4800 ce, amma sababbin na'urori da yawa suna zuwa da 9600 ko fiye. Tawa 38400 take. A cikin fushin yinin farko na danna maɓallin mayar da manhaja saitinta na asali, ta koma 4800. Wato da hannuna na ƙara matsala ta uku a kan biyun da nake da su, kuma da yake ban rubuta ba, ban tuna na yi ba.

Idan allo ya yi shiru ɗungurungum, kuma ana amfani da wayar gada mai haƙora tara zuwa tsohuwar na'ura, akwai gwajin amsa-kuwwa. A cire na'urar, a haɗa haƙori na 2 da na 3 da ɗan guntun waya, a buga haruffa. Idan suka dawo a allo, komai daga kwamfuta zuwa bakin wayar lafiya yake, laifin yana ga na'urar ko saitinta.

4.5 Harshe da Ginin Jimla

Idan gudu ya daidaita, ya kamata a ga layuka masu karantuwa suna zubowa duk daƙiƙa. Harshen da yawancin na'urorin GPS ke yi shi ne NMEA 0183, wanda wata ƙungiyar masu kayan lantarkin jiragen ruwa ta Amurka ta fitar a 1983. Masu ƙa'idar da kansu *jimla* suke kiran kowane layi. Ga misali da na tsara don darasi:

`$GPGGA,093015,1430.500,N,00646.000,E,1,07,1.1,415.0,M,,M,,*52`

Alamar $ ce ke buɗe jimla. GP mai magana ne, wato taurarin GPS. Idan na'urar tana haɗa taurarin tsare-tsare da dama za a ga GN. GGA nau'in jimla ne. Waƙafi ke raba gurabe, kuma gurbi ne ke ba lamba aikinta, kamar yadda jerin kalmomi ke bambanta aikau da karɓau a Hausa. Gurbin farko lokaci ne da agogon duniya, 09:30:15, wanda a Nijar ya zama 10:30:15. Sai latitud da N na arewa, lonjitud da E na gabas, sai ingancin awo, sai yawan taurari, nan bakwai. Lambar da ke bayan tauraro ta tantancewa ce, ana lissafa ta daga dukan haruffan da ke tsakanin $ da *. Idan harafi ɗaya ya lalace a hanya, lissafi ba zai dace ba, manhaja ta yar da jimlar.

Idan an gwada kowane gudu tarkace bai gushe ba, mai yiwuwa na'urar tana magana ne da harshen kamfaninta, irin su SiRF, UBX ko na Garmin, waɗanda ba haruffa ba ne. Hanya lafiya, harshe ne dabam. A shiga saitin na'urar a mayar da ita NMEA.

4.6 Ma'ana

Jimla tana iya cika ƙa'idar nahawu ba ta faɗi komai ba. Da na kai wannan mataki ina zaune ne a cikin wani aji mai rufin kwano da malamin makarantar garin ya ara mini. Jimloli suna zuwa tsaf, amma guraben latitud da lonjitud wayam, gurbin inganci kuma 0. Malamin ya leƙo ya ce, "Malam, tun jiya kana tsare da ita a ɗaki. Hito da ita ta sha iska mana." Ya faɗa ne da raha, amma shi ne maganin. Kwano yana tare saƙon taurarin ɗan'adam, na'ura kuwa tana bukatar aƙalla huɗu kafin ta fitar da wuri da tsayi. Idan ta daɗe a kashe ko an yi doguwar tafiya da ita, a ba ta mintoci a fili. Cikakken jadawalin taurarin GPS yana ɗaukar minti goma sha biyu da rabi kafin ya gama saukowa. A tsakar filin makaranta 0 ya koma 1. A jimlar RMC kuma harafin V ne ke komawa A.

Kuskure na ƙarshe ya fi sauran haɗari, domin ba ya nuna alama. Lambar 1430.500 tana nufin digiri 14 da minti 30.5. A raba 30.5 da 60, a samu digiri 14.5083. Ni kuwa da na zo kwashe lambobin zuwa jadawali, sai kawai na gusa ɗigo na rubuta 14.305. Tun da digiri ɗaya na latitud kusan kilomita 111 ne, gari ya sauka kudu da fiye da kilomita 22, ya kuma matsa yamma da kusan 33. Abin da ya fi muni, kuskuren ba ɗaya ba ne a ko'ina: a minti 5 bai kai kilomita 4 ba, a minti 55 ya haura 40. Taswirar ba gusawa kaɗai take yi ba, tana tsukewa, garuruwan da ke nesa da juna su matso. Malamin da ke duba kundina ne ya lura, da ya ga wani gari da ya sani a arewacin Dakoro ya faɗo kudancinsa. Da bai lura ba, da na zana iyakar karin harshen da babu ita a ƙasa, kuma da wani ya kafa hujja da ita.

5.0 Shirin Kafin Tafiya

Ba a fafe gora ranar tafiya. Kafin a bar jami'a:

1. A haɗa komai a gwada a fili, da kwamfutar da za a tafi da ita, a kan batir.
2. A rubuta a bangon littafin fili: lambobin ƙwayar gada, rami, lambar ƙofa da gudu.
3. A ajiye direba da manhajar leƙen ɗanyen bayani a kwamfuta da kuma a filashi, domin intanet ba ta da tabbas a karkara.
4. A tafi da waya biyu da aka tabbatar suna ɗaukar bayanai, a ɗaura musu zare mai launi.
5. A hana kwamfuta kashe ramukan USB don tsimin batir, domin hakan kan yanke haɗi a tsakiyar aiki.
6. A kowane gari a rubuta lambobin da biro, a kuma faɗe su da baki a farkon naɗin murya.

6.0 Aikin Gwaji

(a) Mayar da 1447.250,N zuwa digiri zalla, sannan ka lissafa nisan kuskuren wanda ya gusa ɗigo kawai. Amsa: 14.7875, kusan kilomita 35.

(b) Haruffa nawa ke wucewa a daƙiƙa a gudun 9600 da tsarin 8N1?

(c) Fitilar na'ura tana ci, COM5 ya bayyana ba tare da wata alamar kuskure ba, allo yana nuna tarkace. Waɗanne matakai ne aka riga aka tsallake lafiya, kuma wane abu ɗaya za ka fara sauyawa?

7.0 Kammalawa

Wannan darasi ya bi matakai shida: waya, direba, ƙofa, gudu, jimla da ma'ana. Kowanne yana da tambayarsa da gwajinsa, kuma ba a hawa na sama sai na ƙasa ya amsa. Matsalolin da suka cinye mini yini da rabi, da na bi su a jere ina rubutawa, da ba su kai sa'a ɗaya ba. Gari ɗaya daga cikin ukun da suka ba ni rana ban samu zuwa ba, domin ranar da na shirya mutanensa sun tafi kasuwa, kuma har yanzu gurbinsa a taswirata fari ne. A garin da na fara isa bayan gyara, na shiga ba dattijon da ya jira ni haƙuri, ya katse ni ya nuna mini tabarma ya ce, "Zamna, ɗana." Ita ce kalma ta farko a jerin tambayoyina, kuma wannan karon na san daidai inda aka faɗe ta.